Filin Tambaya da Amsa: Shara, Tarkace da Shirme a Bakin Bature

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun haɗu a kan abu guda, alhali masu su ba su san juna ba: kalmomin da Bature ke faɗi idan zai ce abu ba shi da amfani, ko magana ba ta da kai. Na zaɓi biyar daga ciki. Kamar yadda muka saba, na ɓoye sunaye, na kuma rage tsawon tambayoyin.

Tambaya: Malam, ina wuni. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, a Asawase ta Kumasi nake, ina shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. An ba mu rubutu a kan ƙazantar kwatocin unguwarmu. Na duba ƙamus na waya, sai ya nuna mini *rubbish*, *garbage*, *trash*, *refuse*, *litter* da *waste* duk shara ne. Na riƙa sauya su don kada in maimaita kalma ɗaya, amma malaminmu ya cika mini takarda da jan biro. Ina laifina?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da sa'a. Niyyarki mai kyau ce, amma malaminki yana da gaskiya. Ki duba namu harshen. Shara ita ce abin da tsintsiya ta tara. Juji da bola wurin zubawa ne. Tarkace kuwa yana iya shekara goma a ƙarƙashin gado babu wanda ya kira shi shara. Yadda ba za ki musanya waɗannan ba, haka Bature ba ya musanya nasa.

Rabuwa ta farko ta ƙasa ce. *Rubbish* ta mutanen Ingila ce, *garbage* da *trash* na Amurkawa. Kwandon da ɗan Landan zai kira *dustbin* ko *bin*, ɗan New York *trash can* ko *garbage can* zai ce. Ki gwada a wayarki: in kin sa Gmail a Turancin Ingila, wurin da saƙonnin da kika goge ke tafiya *Bin* ne sunansa; in kin mayar da shi na Amurka sai ya koma *Trash*. Turancin da makarantun Gana suka gada na Ingila ne, kuma a kansa aka gina hukumar jarrabawa ta WAEC tun kafa ta a 1952, ga hedikwatarta nan a Accra. Abin da na riƙa gaya wa ɗalibaina lokacin ina aji shi ne su tsaya a ɗaki ɗaya. Idan kin buɗe rubutu da *rubbish*, kada *garbage* ta faɗo a sakin layi na biyu.

Su kansu Amurkawa, mutanen da, suna rarrabe nasu biyun. *Garbage* jiƙaƙƙiyar shara ce ta madafa, mai ruɓewa: ɓawon doya, ƙayar kifi, ragowar wake da shinkafa da ta kwana. *Trash* busasshiya ce: kwali, takarda, gwangwani, fasasshen bokiti. Yaransu na yanzu ba sa kula da wannan sosai, amma tarihin kalmar na goyon bayan tsofaffin, domin a ƙarni na 15 *garbage* na nufin kayan cikin kaza da ake cirewa kafin a dafa. *Rubbish* kuwa 'yar'uwar *rubble* ce, wato ɓaraguzan gini.

Kalmar da rubutunki ya fi bukata ita ce *litter*, kuma ina zargin a nan jan biron ya fi yawa. *Litter* ba kowace shara ba ce. Shara ce da aka yar inda bai kamata ba. Ledar ruwan sha da kika shanye, muddin tana cikin kwando, *rubbish* ce. Da zarar fasinja ya wurgo ta ta tagar trotro a hanyar Aboabo, ta zama *litter*. Leda ɗaya ce, halin mutum ne ya sauya mata suna. Don haka kalmar tana ɗauke da tuhuma a cikinta, kuma tana zama aikatau: *do not litter*. Ba za ki ce motar kwasar shara ta zo gidanku ɗaukar *litter* ba, sai in kina nufin gidanku a watse yake.

*Refuse* kalmar hukuma ce. Ita ce a allunan KMA, hukumar birnin Kumasi, da jikin katangu inda ake gargaɗin kada a zuba shara, ita ce a bakin jami'an tsabta da iyayenmu ke kira tankas. Ki kiyaye furucinta, don tana fitowa a ɓangaren furuci na jarrabawa: idan shara ake nufi, nauyin murya na gaɓar farko ne, ƙarshenta kuma sautin "s", idan ƙi ake nufi, nauyin na gaɓa ta biyu ne, ƙarshen kuma "z". Rubutu ɗaya, kalmomi biyu.

*Waste* ta fi su duka faɗi. Ta haɗa da sharar gida, ta asibiti, ta masana'anta, ruwan datti, har da matattun kwamfutoci da wayoyi. Shi ya sa kamfani irin Zoomlion ke kiran aikinsa *waste management*. Ita ce kuma kaɗai a cikinsu da ke nufin almubazzaranci, na kuɗi ko na lokaci.

Sai wani tarko da ke kama ɗalibai kowace shekara: yawancin waɗannan kalmomi ba a yi musu jam'i idan shara ake nufi. Babu *rubbishes*, babu *garbages*, babu *refuses*. Ki ce *a heap of rubbish* ko *pieces of litter*. Kalmar *borla* kuma, wadda kowa ke faɗi daga Bawku har Takoradi, 'yar gida ce, mu ma bola muke cewa, amma ki bar ta a ƙofar ɗakin jarrabawa. Wurin zubawa na unguwa *refuse dump* ne. Babba irin na Oti da ke Dompoase, inda ake kai sharar Kumasi a binne, *landfill* ne.

Kuma 'yata, kada neman kalma ya mantar da ke nauyin abin da kike rubutawa. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle a Accra, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma magudanan ruwa da shara ta toshe suna cikin abin da ya sa ruwan ya rasa hanya. Duk damina mu mazauna Aboabo da Asawase muna kwana da fargabar irin wannan. Ki sa wannan a rubutunki.

Tambaya: Malam, ni sana'ata tsofaffin ƙarafa a Suame Magazine, unguwar maƙera da masu gyaran mota a Kumasi. Wani mai saye ya zo daga Tema, ya kalli kayana ya ce *junk* ne. Yarona ya ce zagina ya yi. Ni dai na san *scrap* ake ce wa kayanmu. Kuma na taɓa ji a rediyo an ce Gana ta shiga *junk status*. Ma'ana ƙasar ta zama bola ke nan?

Amsa: Alhaji, ba zaginka ya yi ba, ciniki ya fara. Ka fi ni sanin cewa mai saye ba ya yabon kaya kafin a yi farashi. *Scrap* na nufin abin da ya mutu a matsayin mota ko inji, amma ƙarfensa na da kuɗi, ana ɗora shi a sikeli, a narka, ya dawo rodi. *Junk* na nufin tarkacen da mai shi ya rasa yadda zai yi da shi. Duk wanda ya ce wa kayanka *junk* yana so ka ji kamar taimakonka zai yi ya kwashe. Ka amsa masa cikin natsuwa cewa *scrap* ne, ga sikeli. Hujjarka ma tana cikin doka: tun 2013 gwamnati ta hana fitar da tsohon baƙin ƙarfe zuwa waje, don masana'antun narka ƙarfe na gida, irin na Tema, su samu abin aiki. Ba a yi wa abin banza doka irin wannan.

Asalin *junk* a bakin matuƙa jirgin ruwa take, sunan tsohuwar igiya ce da ta gaji, wadda ake warwarewa a cusa a tsagar katakon jirgi don hana ruwa shiga. Daga baya ta yaɗu: *junk food* abincin da ke cika ciki ba ya gina jiki, *junk mail* saƙonnin tallan da ba ka nema ba.

*Junk status* kuwa maganar masu ba da bashi ce. Kamfanoni irin Moody's, Fitch da S&P suna auna ƙasashe su ba su maki a kan yiwuwar biyan bashi. Duk makin da ya gaza BBB- a ma'aunin Fitch da S&P, 'yan kasuwar kuɗi *junk* suke ce masa, wato bashi mai haɗari wanda sai da ruwa mai yawa za a bayar. A 2022 an yi ta rage wa Gana maki, a watan Disamba na shekarar gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, a Mayun 2023 kuma hukumar ba da lamuni ta duniya, IMF, ta amince da shirin dala biliyan 3. Ka tuna yadda sidi ta faɗi a lokacin, da yadda kuɗin kayan gyara ya hau a Magazine. Takardar bashin ƙasar ake nufi, ba ƙasar ko mutanenta ba.

Ga ƙari ɗaya tun da kana cikin maƙera. Dattin nan da ke tasowa saman narkakken alminiyam, wanda masu zuba tukwane ke kwashewa su yar, Bature *dross* yake ce masa. Ana aron kalmar a ce wa rubutu ko waƙa maras daraja, musamman idan akwai mai kyau a kusa da za a gwada da shi.

Tambaya: Malam, ina neman shawara, gidanmu ya rikice. Ɗan ƙanwata ya dawo daga Landan bayan shekaru. Muna zaman rabon gadon gidan mahaifinmu a Aboabo, babban yayanmu na magana, sai yaron ya ce *that's nonsense*. Yayanmu ya tashi ya fita, ya ce ba zai ƙara zama inda yaron yake ba. Shi kuma yaron ya rantse cewa a can ba zagi ba ne, kowa na faɗi. Gaskiya yake faɗi, ko wayo yake mana?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya daidaita tsakaninku. Wannan wasiƙa ita ta fi tsaya mini a rai cikin duk na watan nan.

Yaron bai yi muku ƙarya ba. A Ingila *nonsense* da *rubbish* kalmomi ne masu sauƙi. Abokai biyu na gardamar ƙwallo za su jefa wa juna su, su ci gaba da shan shayi. Mutum zai ce da kansa *I'm rubbish at cooking*, wato bai iya girki ba, ba tare da ya ji ya wulaƙanta kansa ba. Baƙo zai ce ya dami masu gida, uwar gida ta ce *nonsense*, tana nufin haba, ai ba komai. A majalisar dokokinsu ana jiyo 'yan majalisa suna ɗaga murya da *rubbish* yayin da wani ke jawabi, a wuce. Amma wanda ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci sai shugaban majalisa ya sa ya janye. To, da wannan kunnen yaron ya dawo.

Sai dai ba a Landan aka yi zaman ba, a Aboabo aka yi. Turancin Gana yana da nasa ma'auni. A nan *nonsense* ta sha nauyin kalmar Asante *nkwaseasɛm*, wadda aka gina daga *kwasea*, wawa, da *asɛm*, magana. Wanda ya girma a Kumasi idan aka ce masa *nonsense*, abin da kunnensa ke ji shi ne "maganar wawa", kuma ba ya raba maganar da mai ita. Ki tsaya a tashar Kejetia ki ga inda kalmar ke fitowa: ba a hira ba, sai lokacin da direba da fasinja suka kusa cin kwalar juna. A kunnen Bahaushe kuma zancen banza ce. Mu ma muna da matakai. Uwa za ta ce wa ɗanta "kai, bar shirme" tana murmushi. Shashanci ya ɗara shirme zafi. Zancen banza ya ɗara su duka, kuma duk cikinsu babu wadda ke hawa daga ƙasa zuwa sama. Babba ke faɗa wa yaro. Ɗa ba ya faɗa wa kawu, a gaban iyaye mata, a zaman gado, ko da wane harshe ne.

Ki tuna abin da ya faru a 2014 da kalmar *tweaa*. Sauti ne kawai na raini a Twi, harshen Asante, wani ya furta shi yayin da wani shugaban gunduma a yankin Ashanti ke jawabi, maganar ta cika ƙasa, har 'yan majalisa suka ɗauka suna jifan juna da ita, sai da shugaban majalisa na lokacin, Edward Doe Adjaho, ya hana faɗinta a zauren. Bature ba zai gane me ya kawo wannan hayaniya a kan sauti ɗaya ba. Mu mun gane, domin mun san wurin da aka faɗe shi da wanda aka faɗa wa. Haka lamarin yaronku yake, sai dai a juye: ya ɗauko kalma mai sauƙi a can, ya sauke ta inda take da nauyi.

Abin da nake ba da shawara shi ne yaron ya je da ƙafarsa, tare da mahaifiyarsa da wani dattijo da yayanku ke jin kunyarsa, limamin unguwa ko abokin marigayi. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, na yi kuskure, ka yafe mini." Iyakar abin da zai faɗa ke nan. Kada ya je da bayanin yadda ake yi a Ingila, don bayanin zai zama kamar yana gaya wa kawunsa bai waye ba, ciwo na biyu ke nan a kan na farko. Magana zarar bunu ce. Bayanin naki ne, Hajiya, ke za ki yi wa yayanku shi daga baya, ku biyu, lokacin da zuciyarsa ta sauka: cewa a harshen da yaron ya saba, kalmar kan magana take sauka, ba kan mutum ba. Wannan gaskiya ce, kuma za ta taimaka masa ya yafe da zuciya ɗaya.

Shi kuma yaron ku koya masa cewa ko a Turancin akwai hanyar saɓa wa babba. *With respect, Uncle, I see it differently* ta isa. Mafi kyau ya faɗa da Hausa: "Allah ya ba ka haƙuri Kawu, ni a ɗan sanina ga yadda na gani." Babu wanda ya hana shi ra'ayi, wataƙila ma abin da ya hango game da gidan daidai ne. Amma rabon gado yana da ƙa'idojinsa a shari'a, ku kira malamin da ya san ilimin gado ya zauna da ku, don kada a bar wa gardama abin da lissafi zai raba.

Zan ƙara gargaɗi ɗaya ga duk yaranmu masu kwaso Turanci daga fina-finai. Waɗannan kalmomi suna da dama-dama idan sun sauka kan kaya ko kan magana. Idan suka sauka kan ɗan Adam, ko a can ɗin ma cin mutunci ne. Ba'amurke ya ce wa mutum *trash*, ya zage shi da asalinsa ne da talaucinsa. *Useless* da *good-for-nothing* suna ƙona zuciyar yaro ya girma da tabonsu. Na ga ɗalibai da suka daina ɗaga hannu a aji saboda an saba kiransu haka a gida. Allah ya karrama ɗan Adam, kada mu kira shi da sunan abin da muke kaiwa bola.

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a unguwar Nima, Accra. Wani ya rubuta a jarida cewa matasan zango ne ke tayar da rikici duk lokacin zaɓe. Zan mayar da martani. Na tara kalmomi: *balderdash*, *poppycock*, *hogwash*, *bunkum*, *claptrap*, *gibberish*, *gobbledygook*, *drivel*, *baloney*, *mumbo jumbo*. Wacce ta fi zafi?

Amsa: Ɗana, na ji zafin da ka ji. Mun daɗe ana shafa mana wannan baƙin fenti, kuma daidai ne a amsa. Bari in fara ba ka abin da ka tambaya, don kalmomin nan ba laifi ɗaya suke tuhuma ba.

*Gibberish* da *gobbledygook* suna cewa ba a gane maganar. Ta farko surutu ne da ba kalmomi a ciki, irin na mai zazzaɓi. Ta biyu Turancin ofis ne mai kumbura wanda aka cika da manyan kalmomi har ma'ana ta ɓace. Wani ɗan siyasar Texas, Maury Maverick, shi ya ƙirƙire ta a 1944 yana kwaikwayon kukan talo-talo, don takardun ma'aikatan gwamnati sun ishe shi. Mutuminka kuwa an gane abin da ya ce sarai, shi ya sa ya yi ciwo. Biyun nan ba naka ba ne.

*Claptrap* da *bunkum* suna cewa an yi maganar ne don neman tafi. *Claptrap* daga gidan wasan kwaikwayo ta fito a ƙarni na 18, dabarar da ɗan wasa ke yi don ya kamo tafin 'yan kallo. *Bunkum* tana da labari mai daɗi. A 1820, ana muhawara mai zafi a majalisar Amurka kan shigar da jihar Missouri, sai wani wakili, Felix Walker, ya tashi ya yi dogon jawabi da bai shafi komai ba. Aka roƙe shi ya zauna, ya ce shi don mutanen mazaɓarsa ta Buncombe a North Carolina yake magana. Sunan gundumar ya zama sunan duk jawabin da ɗan siyasa ke yi don a ji shi a gida. Daga nan aka samu *debunk*, wato tona asirin ƙarya da hujja. Riƙe wannan, za mu dawo gare ta.

*Drivel* asalinta dalalar yawu ce, ana faɗinta ga magana maras ƙarfi mai zuba ba tsayawa. *Balderdash* a ƙarshen ƙarni na 16 sunan gaurayen abin sha ne da bai dace a haɗa ba. *Poppycock* an aro ta ne daga wata kalmar mutanen Holan mai nufin kashi mai laushi, ko da yake yau babu mai jin warin a jikinta. Ita da *balderdash* sun tsufa. Bature na yanzu in ya ji su, tsohon hafsan soja mai gashin baki yake tunawa, dariya za su ba shi. *Baloney* ta hirar Amurkawa ce. *Hogwash* kuwa ruwan wanke-wanke ne da ragowar abinci da ake zuba wa alade, ban ga abin da zai kai ta takardar da ke ɗauke da sunan ƙungiyar matasan Musulmi ba. Akwai wasu biyu da ba ka lissafa ba amma na san kuna ji a fim, masu nufin kashin sa da bayan gida. Ashar ne, babu editan kirki da zai buga.

*Mumbo jumbo* ita nake roƙonka ka goge daga littafinka gaba ɗaya. Ta shiga Turanci ne ta hannun wani Bature, Francis Moore, wanda ya yi aiki a bakin kogin Gambiya, ya rubuta a 1738 game da wani dodon al'ada mai rufe fuska na Mandinka. Turawa suka ɗauki sunan suka mai da shi laƙabin duk abin da suke gani camfi ne maras ma'ana. Raini ga baƙar fata ne ya haifi ma'anar. Kai da za ka rubuta don kare mutanenka daga raini, bai kamata ka ari wannan sanda ba.

Yanzu shawarata: kada ka yi amfani da ko ɗaya. Jaridunmu sun saba da kanun labari irin *Minister rubbishes claims*, mai karatu kuma ya saba wucewa, don ya san an ƙaryata ne kawai ba a kawo komai ba. Mutumin nan ya ce ku masu hayaniya ne. Idan ka amsa da kalmomi goma masu zafi, ka ba shi shaida kyauta. Kalmomin da ke aiki a irin wannan wasiƙa masu sanyi ne: *unfounded*, *baseless*, *misleading*, da *sweeping generalisation*, wato yi wa jama'a kuɗin goro. Ka ɗauki ɗaya, sannan ka yi *debunk* na gaskiya. Ka tambaye shi alƙaluman da ya dogara da su. Ka tuna masa cewa bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019, dokar da majalisa ta yi a shekarar ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa ne a ƙasa baki ɗaya, domin matsalar ta jam'iyyu ce da masu ɗaukar nauyinsu. Ka tuna masa cewa Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya je cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019 lokacin cikarsa shekara 100, ɗan zango ne. Sannan ka faɗi abin da ƙungiyarku ta yi da hannunta a zaɓen da ya wuce, da rana da wuri. Kada ka musanta cewa akwai yaranmu da 'yan siyasa ke saya da kuɗi kaɗan. Ka faɗa da bakinka, ka tambayi wanda ke sayen. Ka taƙaita, don edita na yanke doguwar wasiƙa, kuma sau da yawa hujjar ce ke tafiya a yankan.

Tambaya: Malam, mahaifina ya yi ritaya, aka ba shi takardar yabo an rubuta *invaluable service*. Na san *incorrect* kishiyar *correct* ce. Shin cewa suka yi aikinsa ba shi da daraja?

Amsa: A'a ɗana, yabo ne babba. *Invaluable* na nufin darajar abin ta wuce a yi mata kuɗi, haka ma *priceless*. Masu nufin rashin daraja su ne *worthless* da *valueless*. Ɗalibai su lura, wannan na yawan fitowa a tambayoyin kishiyar kalma: kishiyar *priceless* ita ce *worthless*, duk da cewa ƙarshensu iri ɗaya ne. Ka karanta wa Baba takardarsa da Hausa, ka ce sun rubuta cewa hidimarsa ba ta biyuwa. Ka gaishe shi, Allah ya sa albarka a hutunsa.